Masu Kallo a Rara, Masu Riba a Nesa

Idan aka idar da sallar isha'i a Rara, abin da ke biyo bayan sallamar liman shi ne rurin ƙananan injinan wuta. Ɗaya a gidan kallon ƙwallo, ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya kuma a rumfar mai cajin waya, inda wayoyi ke jere a kan katako kamar an shanya tattasai, kowace da 'yar takarda mai lamba a manne. A kusurwar rumfar akwai tsohuwar kwamfuta da ƙura ta dushe mata haruffa, kuma ita ce ainihin jarin wurin. Yaro zai zo da waya, ko da ɗan memori a ƙulle cikin leda wanda yayarsa ko matar wansa ta aiko shi da shi daga cikin gida, ya ce a zuba masa ci gaban Labarina da Indiya-Hausa guda biyu, in da sauran wuri a ƙara da waƙoƙi. Ya miƙa ɗari ko ɗari biyu, ya juya.

Kafin hantsin gobe, abin da aka zuba a wannan memori ya shiga wayoyi goma. Uwargida ta tura wa amarya, amarya ta tura wa ƙanwarta da ta zo wuni daga Gandi, ita kuma ta tafi da shi can. Mutum ɗaya ya biya, unguwa guda ta kalla. Wanda ya rubuta labarin, da wanda ya riƙe kyamara, da jarumar da aka yi ta tausaya wa har da share hawaye da bakin mayafi, ko sisin kwabo bai isa hannunsu ba daga wannan ciniki.

Mu mutanen wannan yanki mun san lissafi. Buhun albasa ko na tafarnuwa da ya fito daga fadamun Wurno da Goronyo ba ya motsi sai da ƙidaya. Manomi ya san nawa ya cire, dillali ya san la'adarsa, ɗan dako ya san kuɗin kowane buhu, mai karɓar haraji a bakin kasuwar Achida ya yanka rasit, direban babbar mota ya san nawa ya loda zuwa Kudu. Kowa a wannan layi yana da rabonsa, kuma rabon yana komawa baya har ya tarar da wanda ya yi ban-ruwa. Fim kuwa amfanin gona ne da ake ci a kowane gida a ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, amma ba shi da mudu, ba shi da rasit, kuma hanyar da kuɗinsa ke bi ba ta bi ta ƙofar mai gonar. Duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke lissafa biliyoyin daloli daga fim da talabijin da rediyo, mu kuma muna da masu kallo kamar ƙasa amma masu shirya fim ɗinmu na kukan jari, to daga wannan rumfa ya kamata ya fara.

Yadda ƙasashe ke auna abin

A watan Afrilun 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a ƙarƙashin Dakta Yemi Kale ta sake auna jimillar arzikin da Najeriya ke samarwa a shekara. Tun 1990 ba a sabunta ma'aunin ba, wato tun kafin wayar salula ta shigo, tun fim ɗin bidiyo yana rarrafe. Da aka sake awon, sai arzikin ƙasar na shekarar 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510, Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu. A cikin abubuwan da suka bayyana a fili karo na farko har da harkar fim da kiɗa da waƙa, wadda aka ce tana kawo fiye da kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa. Ba a ranar aka ƙirƙiri wannan dukiya ba. Tana nan shekara da shekaru, ba a dai saka ta a littafi ba ne. Darasin da na ɗauka ke nan daga wannan lamari: abin da ba a ƙirga ba, gwamnati da banki suna ɗaukarsa tamkar babu shi.

Tun kafin nan hukumar UNESCO ta ja hankalin duniya. A wani bincike da ta fitar a 2009, ta nuna cewa a shekarar 2006 Indiya ta yi finafinai 1,091, Najeriya ta yi 872 na bidiyo, Amurka ta yi manya 485. Daga nan aka samo maganar da muke ta alfahari da ita, cewa mu ne na biyu a duniya. Gaskiya ne, amma a yawan fim, ba a yawan kuɗi ba. Rahoton da hukumar ta sake fitarwa a Oktoban 2021 kan Afirka baki ɗaya ya fi faɗa mana gaskiya mai ɗaci. Harkar fim da talabijin a nahiyar tana ɗaukar mutum kusan miliyan 5 aiki, tana kawo dala biliyan 5 a shekara, alhali da an gyara ta za ta iya kawo biliyan 20. Allunan silima a Afirka gaba ɗaya 1,651 ne, wato allo ɗaya ga mutum kusan 787,000. Satar fasaha kuma tana cinye rabin abin da ya kamata a samu, a wasu wuraren har kashi uku cikin huɗu.

A ajiye wannan kusa da na wasu. A 2019, shekarar ƙarshe kafin annobar korona, tikitin silima kaɗai ya tara sama da dala biliyan 42 a duniya. Amurka da Kanada sun kawo sama da biliyan 11 a ciki, Sin ta kawo wajen biliyan 9. Sin tana da allunan silima fiye da 80,000. Najeriya kuwa nata 'yan ɗaruruwa ne, mafi yawansu a Legas da Abuja da manyan biranen Kudu. A farkon 2024 aka yi ta murna saboda fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya zama fim ɗin gida na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima. Murnar ta cancanta. Sai dai duk abin da gidajen silimar ƙasar nan suka tara a shekarar 2024, na gida da na waje, bai wuce naira biliyan 11 da wani abu ba, wanda a canjin lokacin bai kai dala miliyan 10 ba. Babban fim ɗaya a Amurka yana tara ninkin wannan a ranakun ƙarshen mako guda.

Ba wai Ba'amurke ya fi Basakkwace son kallo ba ne. Bambancin shi ne can akwai ƙofa, akwai mai yankan tikiti a bakinta, kuma kowane tikiti ana raba kuɗinsa tsakanin mai gidan silima da mai rarraba fim da wanda ya shirya shi. Tikiti shi ne mudunsu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Indiya, domin mu da finafinansu mun saba tun zamanin silimar Rex da Plaza da Marhaba a Kano. Mutane da yawa a nan suna ɗauka duk fim ɗin Indiya daga Mumbai yake fitowa. Ba haka ba ne. Baahubali, wanda babu matashin da bai kalli fassararsa ba a ƙauyukanmu, da harshen Telugu aka yi shi a Haidarabad, kuma masu wannan harshe ba su fi masu jin Hausa yawa da wani abin a zo a gani ba. Kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2017, ya tara sama da dala miliyan 250. Abin da ya ɗaga masana'antar Telugu shi ne gidajen silima da ke cikin ƙananan garuruwa irin su Wurno da Goronyo, inda manomi da ɗan acaɓa ke biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma kuɗin yana da hanyar da zai bi ya koma ga mai fim. Talakansu talaka ne kamar namu. An dai gina masa ƙofar da zai biya ne.

Wasu ƙasashen kuma doka suka sa ta yi musu aikin. A Faransa, tun ƙarshen shekarun 1940 ake cire wani kaso daga kowane tikitin silima, yanzu kusan kashi 11 cikin 100, ko da fim ɗin Amurka aka kalla, a zuba shi a asusun da ke tallafa wa masu shirya fim na ƙasar. Koriya ta Kudu ta daɗe tana tilasta wa gidajen silima nuna finafinan gida na kwana 146 a shekara, kafin a rage zuwa 73 a 2006. Sai da aka yi wannan reno kafin Parasite ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, kafin kuma Netflix ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 a ƙasar a 2023. Shi wannan kamfani, bisa lissafin da ya bayar da kansa, abin da ya kashe a Afirka ta Kudu da Najeriya da Kenya a haɗe daga 2016 zuwa 2022 dala miliyan 175 ne, rabon Najeriya a ciki bai kai miliyan 24 ba. Jari yana bin inda aka riga aka share masa hanya ne.

Rediyo, da wanda ke biyan kuɗinta

A Ingila, duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye yana biyan kuɗin lasisi, wanda a Afrilun 2025 aka sa shi fam 174.50 a shekara. Abin da ake tarawa ya haura fam biliyan 3 da rabi, kuma da shi BBC ke rayuwa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1957, daga wannan kuɗi da tallafin gwamnatin Birtaniya yake ci. Wato dattijon da ke zaune a kan tabarma a Wurno da rediyonsa da sassafe, wani magidanci a Manchesta ne ke biyan wani ɓangare na kuɗin labaran da yake ji. Haka Muryar Jamus da ta buɗe sashen Hausa a 1963, haka Rediyon Faransa da ya zo a 2007. Kunnen namu ne, amma albashi da kayan aiki da kasafin kuɗin a littattafan Landan da Bon da Faris suka fi fitowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mu ma muna da irin wannan tanadi a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A takarda dai, ƙaramar hukumar Rabah da ta Wurno da ta Goronyo ne ke da wannan hurumi. Amma dokar ba ta ɗaura kuɗin da gidan rediyo ba, ba ta ce a mayar da shi ga masu shirya shirye-shirye ba. Ni ba na goyon bayan a bi manomin da 'yan bindiga suka hana noma ana tambayarsa kuɗin rediyo. Na kawo maganar ne don a ga yadda muka kwafo sunan abu muka bar amfaninsa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a gare mu a ɗauki watsa labarai da muhimmanci. Ɗan Rabah ne, Sardauna Ahmadu Bello, ya tsaya aka kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, shekara uku bayan Awolowo ya buɗe talabijin a Ibadan. Kafin nan ma akwai majigi, motar da ke shiga gari gari tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, ana nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai. Iyayenmu a nan suka fara ganin hoto mai motsi. Kallon kyauta ne, gwamnati ce ke biya. Ina ganin tun daga lokacin wani abu ya zauna mana a zuciya, cewa kallo da sauraro ba abin saye ba ne, kamar ruwan gulbi. Batir ake saye, ba labari ba.

Yau a jihar Sakkwato akwai Rima Rediyo da Rima Talabijin na gwamnatin jiha, akwai NTA, akwai masu zaman kansu irin su Vision da Garkuwa da Caliphate, waɗanda suka samu damar fitowa bayan dokar 1992 da ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, da kuma bayan Freedom Rediyo ta nuna a Kano tun 2003 cewa abin zai yiwu a Arewa. Wanda ya saurare su wuni guda zai gane da me suke rayuwa: sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, cigiya, tallan masu maganin gargajiya, filin da 'yan siyasa suka saya, da wa'azin da wani attajiri ya ɗauki nauyi. Manyan kamfanonin da ke da kasafin talla a Legas suke yanke shawara, kuma suna auna mai sauraro da abin da ke aljihunsa ne. Ga kuɗin dizal, ga na lasisi. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin naira biliyan 2.6 da ɗoriya, da yawansu na gwamnatocin jihohi, kafin daga baya ta sassauta. Rediyo ita ce kafar da ta fi kowace isa ga mutumin karkara, ita ce kuma ta fi kowace ramar aljihu.

Lokacin da kuɗin ƙauye ke isa Kano

Akwai zamanin da naira ta Rara take isa hannun mai fim. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai kasuwar kaset ta buɗe a hankali, ta zo ta tumbatsa da fitowar Sangaya a 1999 da Wasila a 2000. A 1999 ɗin ne Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin a fara jin kalmar Nollywood. Tsarin cinikin mai sauƙi ne. Furodusa zai buga kwalin kaset, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su naɗi fim ɗin su saka a kwalin su sayar. Yawan kwalin da aka saya shi ne yawan kuɗin furodusa. Daga Kano kaya su hau mota zuwa Sakkwato, daga Sakkwato ɗan tireda ya saro ya kawo kasuwannin ƙauye, wasu su tsallaka Illela zuwa Ƙonni da Tawa, wasu su bi ta Jibiya zuwa Maraɗi. Mai gidan bidiyo a ƙauye ya sayi kaset ɗaya ya tara yara su biya su kalla.

Ba tsari ne marar aibi ba. Furodusoshi sun sha kuka da 'yan kasuwa kan jinkirin biya da buga kwalin bogi. Amma kwali abu ne da ake riƙewa a hannu, ana ƙirga shi kamar buhu. Da shi aka gina gidaje, aka yi aure, aka ɗauki dubban matasa aiki, tun daga mai ɗaukar fitila a lokeshin har mai dafa wa 'yan wasa abinci.

Faifan sidi ya fara sassauta ƙullin, domin kwafarsa ba wuya. Memori da wayar hannu suka zo suka tsinke shi gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, shagunan da ke cike da fastocin jarumai suka koma sayar da kayan waya. A daidai lokacin ne kuma fassarar finafinan Indiya, irin ta Algaita da Sultan, ta mamaye wayoyi. Fim ne da aka kashe masa miliyoyin daloli a can, aka ɗora masa Hausa mai daɗi da barkwanci a nan, ana tura shi a farashi ɗaya da fim ɗin da aka yi a Kano da kuɗin da bai kai na motar hawa ɗaya ba. Mai kallo ba shi da laifi idan ya zaɓi wanda ya fi ƙayatar da shi.

Masana'antar ba ta mutu ba, sheƙa ta sauya. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ta nuna da Daɗin Kowa, daga baya da Kwana Casa'in, cewa fim mai dogon zango zai riƙe mutane mako bayan mako. A 2020 Lawan Ahmad ya fito da Izzar So a YouTube, Aminu Saira ya fito da Labarina, sai kowa ya bi. Yanzu kuɗin fim ɗin Hausa daga wurare uku yake zuwa: abin da tashar talabijin ta biya, tallan da aka cusa a cikin shirin, da abin da YouTube ya turo.

A nan ne Rara ta sake faɗuwa daga lissafi. YouTube yana bai wa mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, amma darajar tallan ta danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune. Bahaushe ɗaya da ya kalli shiri a Jidda ko Landan ya fi tarin masu kallo a Najeriya kawo wa furodusa kuɗi. Wanda ya kalla a Sakkwato da datarsa ya kawo ɗan kaɗan, mafi tsokar abin da ya kashe kamfanin waya ne ya cinye. Wadda ta kalla a cikin ɗaki a Rara daga memori kuwa, na'urar ba ta ma san da ita ba. Mutum ɗaya ya sauke shirin, ɗari suka gani, aka rubuta ɗaya. Abin da ke damuna a nan ya wuce kuɗi. Mai shirya fim yana bin inda abincinsa yake, don haka labarai suka koma na gidajen bene da manyan motoci da rikicin gadon attajirai. Rabon da in ga fim ɗin da ya zauna a kan rayuwar mai noman rani, ko matar da aka raba da garinta tana zaune a makarantar firamare da 'ya'ya biyar, har na manta. Mutanen da suka fi kowa kallo su ne ba sa ganin kansu a allon.

Wuri ɗaya ne kuɗin ƙauye ke shiga littafi ba tare da ya ɓata a hanya ba, shi ne gidan ƙwallo. Matashi ya biya kuɗin shiga ya zauna a benci. Mai gidan ya cire na fetur, ya tara sauran ya biya kuɗin wata na DStv, domin in bai biya ba hoto zai ɗauke ana tsakiyar wasa. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu, wanda Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarsa a 2025, ya ɗauki kasonsa ya biya masu gasar Firimiya. A zangon 2022 zuwa 2025, kuɗin haƙƙin nuna gasar ya haura fam biliyan 10, kuma a karo na farko abin da aka samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin Ingila. A cikin wannan tsabar kuɗi akwai naira hamsin hamsin ɗin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea na bakin Gulbin Rima. Wannan ya isa hujja cewa mutumin ƙauye yana biya idan aka tsara yadda zai biya. An iya gina hanyar da ta ɗauki kuɗinsa daga Rara har Landan, amma ba a gina wadda za ta kai shi Kano ba.

A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. A watan da ya biyo baya aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutum sama da 40. Wanda ya zauna a yankin a wannan lokaci ya san abin da ya rage wa mutane: rediyo don jin halin da ake ciki, da memori don ɗebe kewa a daren da ba a iya fita. Mai turi, wato mai zuba wa mutane fim a memori, kan hau mota ya je birni ya cika na'urarsa ya dawo, kamar mai saro gishiri. A lissafin kamfanonin intanet, yankin ya ɓace ɗungurungum a waɗannan watanni. A zahiri kuwa ba a daina kallo ba ko na dare ɗaya. Rashin tsaron ya kuma taɓa harkar ta wata fuskar, domin a ƙauyukan da ake kwana da ido ɗaya babu mai tara matasa a rumfa har sha ɗayan dare, kuma babu daraktan da zai kwaso 'yan wasa da kayan aiki ya zo ɗaukar fim a fadamar da ta fi kowace kyau a ido.

Gwamnatoci sun taɓa gwada tallafa wa harkar fim. Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 3 a 2013 don tallafa wa masu fim. A 2016 aka yi shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano, malamai da jama'a suka nuna rashin amincewa, aka janye. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, a Janairun 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wanda hakan ya faranta wa 'yan Kannywood rai ƙwarai. Sai dai kusan duk tunanin yana ƙarewa ne a wajen yin fim: kyamara, horo, gini. Matsalar kuwa a wajen sayarwa take. Manomin da ba shi da kasuwa, ko an ba shi taki kyauta bashi zai ƙara ci.

Ra'ayina shi ne a daina kallon mai turi a matsayin ɓarawo kawai. Yaron nan na rumfa bai san wani haƙƙin mallaka ba, sana'a ya samu a garin da sana'a ta yi ƙaranci, kuma ya yi abin da babu kamfanin da ya iya: ya kai fim kowane lungu, har cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Dillali ne wanda ba a yi yarjejeniya da shi ba. A Kano an gwada zama tsakanin masu shirya fim da ƙungiyoyin masu turi, inda ake sayar musu da fim su kuma su rarraba wa 'ya'yansu, kuma ko da tsarin bai tsaya da ƙafarsa sosai ba, ya nuna inda bakin zaren yake. Yau da ake samun mai POS a kusan kowace kasuwar ƙauye, ba abu ne mai wuya ba mai rumfa ya riƙa biyan wani ƙayyadadden kuɗi a wata, kamar yadda maƙwabcinsa mai gidan ƙwallo ke yi, ya karɓi sababbin shirye-shirye da wuri kuma masu kyawun hoto, ya rataya shaidar rajista a rumfarsa. Malamanmu ma suna da abin faɗa a nan, tun da haƙƙin mai gumi ba baƙon babi ba ne a karatun zaure, kuma su kansu wa'azinsu ta wannan memori yake yawo.

Kafin a kai can, akwai aikin da ba ya buƙatar ko bulo ɗaya. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, jiha tana da ofishin ƙididdiga, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in yaɗa labarai. A ɗauki gundumar Rara kaɗai, a bi ta rumfa rumfa da littafi da biro: masu turi nawa ne, gidajen ƙwallo nawa, mutum nawa ke ci daga kowanne, nawa ake tarawa ranar kasuwa, nawa ke tafiya a fetur, nawa a data, nawa a kuɗin wata na dikoda. Mako biyu sun isa a gama, in an samu rakiyar mai unguwa. Daga nan a wuce Gandi, a wuce Achida.